Baba da Mai Malafa, ta Bayan Zana

Ranar sadakar uku ta surukina, mahaifin maigidana, na leƙa ta kafar zana na ga abin da ban taɓa gani a gidan makoki ba. Masu gaisuwa suna shigowa suna kallon ƙasa, kuma ba sunkuyar da kai irin na alhini ba ne, ƙafafunsu suke dubawa. Wani mahauci da ya zo daga Dabawa ya tsaya a ƙofar zaure ya ce shi rabonsa da ya taka ƙasar Dutsin-Ma hankali kwance tun yana saurayi, domin ko bai yi komai ba sai ya ji kamar tsohon yana bayansa yana karanta inda ya fito. Don a yi dariya ya faɗa, aka kuma yi, sai ga shi yana goge ido da hannun riga.

Fulanin daji sun zo da ƙoren nono, suka tsuguna can gefe da sandunansu. Wani dattijo a cikinsu ya ce marigayin ya san saniyarsa ta kofato fiye da yadda shi ya san ta ta fuska. A cikin gida kuwa Goggo, ƙanwar marigayin, ta hana kowa share ƙofar ɗakinsa, wai sawunsa na ƙarshe yana nan, wanda ya taka da ya fito alwala. Ta yi gadinsa wuni biyu da mafici a hannu, sai da kaji suka fi ƙarfinta ta haƙura.

Ni ina zaune ina amsa gaisuwa, amma a raina haushi nake ji. Kowa mai bin sawu yake tunawa, mutumin da ake kira idan an kore shanu. Babu wanda ya san shi a mai sauraron littafi. Ban da Goggo, mu uku muka san wannan, ni da akuyata da jakinsa, su biyun kuma sun riga shi tafiya. Shi ya sa na ɗauko alƙalami. Sunansa ba zai fito a nan ba. Ban faɗe shi yana raye ba, ba yau zan fara ba.

Ni 'yar Kurfi ce. Mahaifina ya sa ni boko lokacin da ake ganin hakan wauta ce, na gama har na koyar na ɗan lokaci, sannan aka kawo ni Dutsin-Ma ana gab da samun mulkin kai. Maigidana malamin asibiti ne, yana fita da hantsi sai yamma. Gidan babu uwar miji, ta daɗe da rasuwa. Sashena yana yamma, turken jakin Baba yana gabas, zana ce kawai a tsakani. Kunyar surukuta kuwa a lokacinmu ba wasa ba ce. In na ji tarinsa yana tahowa sai in faɗa bayan rumbu in durƙusa. In zai aiko da magana sai ta bi ta bakin Goggo, ko da kuwa ina jin sa yana faɗa mata.

Tun kafin a kawo ni na san gidan yana da wurin da ba a taɓawa. Baba yana da ƙane a Kurfi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma sun fi shekara ashirin ba su haɗa ido ba. Na san Baba Ƙarami tun ina yarinya, wani siririn tsoho mai saƙar tabarma a bayan gidanmu, wanda ba ya shiga kasuwa ko ranar da take ci. An ce ya taɓa yin shekara a ɗaure saboda saniya, kuma yayansa ne ya kama shi. Iyakar abin da na sani ke nan. Su biyun suna tsufa, tafiyar wuni ɗaya ce tsakaninsu, kowa a gidan yana tsoron ranar da za a aiko da rasuwar ɗayansu.

Littattafan kuwa, maigidana ne ya kawo su daga Katsina a cikin kwali, wani Bature mai komawa gida ya bar su. Guda tara ne, duk labarin mutum ɗaya, wani tsohon ɗan sanda da ya ajiye aiki yana bin diddigin masu kisan kai don kansa. Ba mata, ba ɗa, ba a taɓa ambatar uwarsa ba. A bangon kowane littafi an zana shi da malafa ta rufe rabin fuska. Maigidana ya gwada na farko, a shafi na uku barci ya kwashe shi, daga nan suka zama nawa.

Tsakanin azahar da la'asar gidan yakan yi tsit. Rana ta kwanta a tsakar gida, kurciya tana kuka a kan darbejiya, Goggo tana gyangyaɗi da mazarinta a cinya. A nan nake shimfiɗa tabarma a inuwar zana in karanta. Da yake bakina ya saba da aji, sai na riƙa juya labarin da Hausa a bayyane, ina ba wata jar akuya da aka kawo ni da ita. Ita dai tana tuƙa, ba ta taɓa yi mini musu ba. Rannan na kai inda mutumin ya shiga ɗakin da aka kashe wani attajiri, ya dubi matar mamacin ya fara zarginta, sai na ji gyaran murya a bayan zana.

"Kai jaki, ka ji mutumin ga? Ya shiga ɗaki bai dubi ƙasa ba."

Ban san lokacin da na tsinci kaina a ƙuryar ɗaki ba, littafi a tsakar gida, akuya tana shinshinar sa. Na wuni ina jin kamar in nutse. Washegari na ƙi fita. Da lokacin ya yi sai na ji shi yana tambayar jakin ko akuyar maƙwabta ta cinye sauran labarin jiya ne. Na yi ta juya maganar a raina, na ga ai ba ni ya yi wa magana ba, ni ma kuma ba shi zan yi wa ba. Na fito da tabarmata.

Haka muka yi damina biyu da rani guda. Ni in gaya wa akuya, shi ya gaya wa jaki. Shi ya raɗa wa mutumin suna Mai Malafa, ranar da na manta littafi a kan turmi ya ga bangon. Ya so shi ƙwarai, irin son da ke zuwa da faɗa. Yakan yaba haƙurinsa, yadda zai tsaya a gindin bango wuni guda yana jiran a buɗe wata ƙofa, ya ce wannan ya san aiki. Amma ya raina idonsa. Duk wanda ya shigo labarin sai Baba ya tambayi jaki yadda yake tafiya, yana jan ƙafa ne ko yana doka dunduniya. Yawanci littafin bai faɗa ba, sai in ji tsaki. Sau biyu da marubucin ya yi kuskuren faɗa, Baba ya kama mai laifin tun ban kai rabi ba, ya kuma ɓata mini daɗin karatu ba tare da ya ji komai ba.

Garin Mai Malafa ya dame shi. Gari ne da aka shafe ƙasarsa kaf da siminti, kullum ruwa ake yi, fitilu suna rawa a cikin kududdufai. Ya ce lallai ɓarawo ne ya tsara garin. Amma ya shiga masa rai. Wata rana ya ba jaki labarin ya yi mafarki sun je can su biyu, suna tafe a wani titi mai tsawo, ruwa yana sauka bai jiƙa su ba, mutane suna wuce su ba sallama. Ya ce ya waiga ya ga shi kansa bai bar sawu ba, jakin ma haka, sai ya ji wani sanyi a ƙirjinsa wanda ya rasa na tsoro ne ko na daɗi. Ina jin sa na rufe ido, har na ji ƙamshin ruwan. Daga nan ni ma na fara ganin garin a mafarki, sai dai nawa kullum akwai dutsen garinmu a ƙarshen titi.

Ba ya barin a yi masa ha'inci. Littattafan suna da wuraren da ba za su faɗu a gaban suruki ba, ko ta bakin akuya, wuraren mata da kwalba. In na zo nan sai in haɗa shafi biyu in wuce. Ba ya cewa komai sai na yi nisa, sannan ya ce, "Jaki, an tsallake rami." Yakan bar ni da kunyata ya ci gaba da sauraro.

Shi ya fara sanin ina da ciki, kafin maigidana, kusan kafin ni. Da safe ya bi ta bakin rijiyar gida ya ga sawuna, da rana na ji yana gaya wa jaki cewa akwai dunduniyar da ta yi nauyi a gidan nan, a daina ɗaukar tulu. Daga ranar kullum sai in tarar da tuluna biyu cike a gindin zana. Tsoho ne mai furfura, ɗansa ma'aikaci, amma shi yake jan ruwan da hannunsa, kuma bai yarda kowa ya gan shi ba.

Sau ɗaya muka yi faɗa. Kowane littafi iri ɗaya yake ƙarewa: Mai Malafa ya tara mutane a ɗaki, ya nuna mai laifi ya kira sunansa, a tafi da shi, shi kuma ya ja malafa ya hau jirgin ƙasa zuwa wani gari. Baba ya tsani wannan wurin. Kullum sai ya tambayi jaki wa zai zauna da mutanen gidan gobe, wa zai sayi kaya a shagon matar, 'ya'yan kuma da wane ido za su fita. Tambayarsa ta ƙarshe ba ta canzawa: shin yana komawa garin kuwa? Ni a lokacin jinina yana tafasa. Ina cikin kulle, ko ƙofar gida ba na leƙawa, ga mutum da ba mai tambayarsa ina za shi. Ina kishinsa, gaskiya. A ƙarshen littafi na shida na ce wa akuya, da murya sama da yadda ya kamata, ai gaskiya gaskiya ce, wanda ya gano ta ya faɗe ta a gaban kowa, abin da zai biyo baya ba ruwansa. Bayan zana na ji an kwance jaki an fita. Kwana bakwai ina shimfiɗa tabarma, babu gyaran murya.

Goggo ce ta zaunar da ni, ta ce bokona bai koya mini komai ba. Ta ce masu bin sawu suna da ƙa'ida. In ka biyo sawun dabbar sata har ya shiga ƙasar wani gari, ba ka ƙetare iyaka. Sai ka zagaye sawun ƙarshe da sanda, ka zauna, ka aika wa dattawan garin an kawo sawu. Su zo su duba. In ya ratsa ya fita ta wancan gefen, su raka ka su nuna maka. In bai fita ba, babbansu ya sa ƙafa ya shafe shi, ya ce su ba su ga sawun kowa ba, kai kuma ka koma gida. Kwana ɗaya ko biyu sai a tsinci saniya ɗaure a jikin itace a daji. Mai ita ya karɓi abarsa, wanda ya ɗauka ya sha faɗa a cikin ɗaki, sunansa bai kai kasuwa ba.

A wata shekarar yunwa, in ji Goggo, aka kore saniyar wani Bafillace a wajen Kuki. Baba ya bi sawu har ƙoramar da ke iyakar Kurfi. Tun kafin ya kai nan ya san ƙafar, domin ta hagu tana karkata waje, karayar yarinta ce, shi da kansa ya goya mai ita zuwa gidan maɗori. Akwai mutane a bayansa, ya ji wani yana raɗa cewa yau za a ga ko zai rufa wa nasa asiri. Sai ya sallame su, ya ƙetare ƙoramar shi kaɗai, ya bi sawun har ƙofar ƙanensa, ya kira sunansa a gaban maƙwabta. Ƙanen yana da yara huɗu a lokacin, rumbunsa babu ko ƙwaya. Kafin ya fito daga ɗauri, biyu cikin yaran sun rasu. An yabi Baba a ko'ina, aka ce ga mutumin da ba ya duba fuska. Tun daga ranar bai sake taka ƙasar Kurfi ba.

Na yi kuka sosai, na ji haushin bakina. Washegari na fito na gaya wa akuya ita dabba ce, ta faɗi abin da ba ta sani ba, a yafe mata. Sai ga muryar Baba a bayan zana. Ya ce wa jaki akuya ba ta yi ƙarya ba, shi ma da can haka ya ɗauka, a ɗauko na bakwai.

Na bakwai ya ƙare a tashar jirgi, na takwas ma haka. Da muka shiga littafi na tara, cikina ya kai wata bakwai, ana shirin mai da ni Kurfi haihuwar fari. Na riga na leƙa ƙarshensa a ɓoye, na san Mai Malafa bai koma ko'ina ba, kuma babu na goma. Ranar ƙarshe, da na kai inda ya hau jirgi, sai na ƙi tsayawa. Na ce wa akuya jirgin ya yi tafiya ya yi tafiya, mutumin ya ga fitilun wani gari da ya sani, garin littafi na biyu, inda ya tona asirin wani mai gyaran agogo. Na ce ya sauka, ya bi titin cikin ruwa, ya tsaya a ƙofar gidan ya cire malafarsa. Ina faɗa ina jin daɗin kaina.

"Jaki," in ji Baba a hankali, "wanga ba sawun mai littahi ba ne. Tun ɗazu ban ji an juya takarda ba. Sawun mace ne, 'yar Kurhi, kuma sauri take."

Na sunkuyar da kai. Sai ya sake magana.

"Amma ce mata ta ƙarasa. Ina son in ji mi aka ce mashi da aka buɗe ƙohwa."

Na yi ƙoƙarin in ƙirƙiro kalma mai daɗi, bakina ya ƙi. Daga ƙarshe na gaya wa akuya gaskiya, cewa ban sani ba, mai littafin bai rubuta ba, ni ma ba zan iya ba, sai dai wanda ya je ya ji. Baba ya ce, "To."

Ranar tafiyata, bayan sallar asuba, na fito na tarar an yi wa jakinsa shimfiɗa. Ya aiko Goggo ta ce ni zan hau, ita za ta bi ni a gefe, shi kuma zai ɗan taka mana. Ya yi gaba da sandarsa, tazarar jifa tsakaninmu. Ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsayi, hanya ta zama siririn rami a cikin kore. Muna tafe ina gyangyaɗi, in buɗe ido in ga farar rigarsa ta ɓace a kwana, in sake buɗewa ta bayyana. Goggo tana ta jiran inda zai juya. Mun huta a gindin tsamiya da rana ta take, bai juya ba.

Gab da la'asar muka iso ƙoramar. Ruwa ya janye, sai yashi mai laima. Baba ya taka bakin yashin da ƙafarsa ta dama, ya ɗaga, ya dubi abin da ya bari. Sai ya sa sanda ya zagaye shi, ya koma gefe ya zauna. Da muka zo wucewa ya kama kunnen jakin.

"In kun shiga gari, a hwaɗa ma dattawa an kawo sawu bakin iyaka. Na mai laihi ne. Shina nan zaune."

Ni na kai saƙon. Ko ruwa ban sha ba na gaya wa mahaifina, shi ya tashi ya zagaya gidaje. Aka ce in kwanta in huta, na kafe, na ɗauki ƙoshiya da kwanon fura na bi su a baya, Goggo tana zagina tana riƙe da hannuna. Dattawa biyar suka fita. Baba Ƙarami ba ya cikinsu. Da suka isa suka tsaya a kan zoben da Baba ya yi wa sawun, suna duban juna, domin babu wanda yake ganin hurumin shafe wannan sawun nasa ne. Baba yana zaune kansa a ƙasa. Inuwa tana ta tsawo a kan yashi.

Can sai ga Baba Ƙarami ta wata 'yar hanya a cikin gero, shi kaɗai, da ragowar kaba a hannu kamar wanda ya manta ya ajiye, yana jefa ƙafar hagu waje. Dattawan suka buɗa masa. Ya tsaya ya dubi sawun, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗaga ƙafar nan ta hagu ya shafe shi, ya sake shafewa har yashin ya kwanta.

"Mu dai ba mu ga sawun kowa ba nan, Yaya," in ji shi. "Tashi mu tahi, rana za ta hwaɗi."

Baba ya yunƙura ya kasa tashi, sai da ƙanen ya miƙa masa hannu. Suka ƙetare ƙoramar tare.

Allah Ya jiƙan Baba. Iyakar da ya isa yanzu, Allah Ya sa a tarbe shi da abin da aka faɗa masa a bakin ƙoramar Kurfi.